Yosano Akiko: 'Yar Mai Shagon Alewa da Ta Girgiza Waƙar Japan

A watan Agusta na 1901 wani ɗan siririn diwani ya fito a Tokyo ɗauke da gajerun waƙoƙi 399. Marubuciyarsa budurwa ce 'yar shekara 22, wata biyu kacal da barowarta gidan iyayenta ba da yardarsu ba, ta biyo wani mawaƙi mai mata da ɗa. Sunan diwanin Midaregami, wato hargitsattsen gashi. A bangon littafin an rubuta sunanta Ho Akiko, amma sunan da duniya ta riƙe shi ne wanda ta samu bayan ta auri mawaƙin nan a cikin wannan shekarar, wato Yosano Akiko.

Kafin a gane dalilin da ya sa littafin ya tayar da ƙura, sai an san irin gonar da ta shiga. Nau'in waƙar da ta rubuta ana kiransa tanka. Baiti ɗaya ne tal, mai ɗango biyar da gaɓa 31, a jere 5, 7, 5, 7, 7. Babu amsa-amo, babu kuma auna doguwar gaɓa da gajera yadda ake yi a rubutacciyar waƙar Hausa, ƙirga kawai ake yi. Tsohon salo ne ƙwarai. Kundin Man'yoshu na ƙarni na 8 cike yake da irinsa, haka ma Kokinshu da aka tattara bisa umarnin sarki wajajen shekara ta 905. Daga nan tanka ta zama waƙar fada, kuma da tafiya ta yi nisa sai ta daskare. An san abin da mawaƙi zai yi magana a kai: furen bazara, watan kaka, kukan wani tsuntsu, hannun riga da ya jiƙe da hawaye. An san kalmomin da aka yarda da su. Ko soyayya za a yi, mace a cikin waƙar ita ce mai jiran wanda bai zo ba.

Bayan juyin Meiji na 1868, lokacin da Japan ta buɗe ƙofarta ta shiga kwaso fasahar Turai ba ji ba gani, matasan marubuta suka fara ganin wannan daskarewa a matsayin abin kunya. A 1894 wani saurayi, ɗan limamin addinin Buda, mai suna Yosano Hiroshi, wanda ya fi shahara da laƙabin Tekkan, ya yi rubutu yana caccakar mawaƙan fada, yana cewa waƙoƙinsu sun yi laushi irin na mata kuma irinsu ne ke rusa ƙasa. Shi abin da yake so waƙa ta jarumta, mai takobi da damisa. A 1898 Masaoka Shiki shi ma ya fito da tasa sukar a kan Kokinshu. Tekkan ya kafa ƙungiyar Shinshisha a 1899, ya fara buga mujallar Myojo a watan Afrilu na 1900. Abin da ya fi ba ni dariya a wannan tarihi shi ne, mutumin da ya nemi a mayar da waƙa ta maza, sabuntawar da yake nema ta hannun mace ta zo, kuma da waƙoƙin da ba takobi a cikinsu ko ɗaya.

An haifi Akiko ranar 7 ga Disamba 1878 a Sakai, tsohon garin fatake da ke kusa da Osaka. Mahaifinta yana da shagon kayan zaƙi mai suna Surugaya, wanda ya yi suna wajen yokan, wata alewa da ake yi da jan wake da sukari. Wanta Hidetaro aka tura shi karatu har ya zama farfesan injiniyan lantarki a jami'ar Tokyo. Ita kuwa makarantar 'yan mata ta garin ta yi, kuma tun tana ƙarama aka ɗora mata tsaron shago da riƙe littafin ciniki. Sai dai uban mai tara littattafai ne, don haka tsakanin wannan mai saye da wancan, da kuma cikin dare, ta cinye tsofaffin littattafan zamanin Heian, wato zamanin fadar Kyoto na wajajen ƙarni na 9 zuwa na 12, ita kaɗai ba malami. A cikinsu har da Hikayar Genji, wadda za mu dawo kanta.

Ta fara aika waƙoƙi zuwa Myojo a 1900. A watan Agusta na shekarar Tekkan ya zo yankin Osaka yin lacca, suka haɗu. Ba ita kaɗai ta kamu da sonsa ba, akwai wata matashiyar mawaƙiya mai suna Yamakawa Tomiko, ƙawarta kuma abokiyar takararta. Tomiko ta bi zaɓin iyayenta ta auri wani, mijin ya rasu ba da daɗewa ba, ita ma tarin fuka ya kashe ta a 1909. Akiko kuwa a watan Yuni na 1901 ta tattara ta nufi Tokyo. A ƙarƙashin dokar iyali ta 1898, maigida ne ke da iko a kan auren 'ya'yansa, gwamnati kuma tana ta yayata cewa amfanin ilimin mace shi ne ta zama mata ta gari kuma uwa mai hikima. Yarinyar gidan mutunci ta gudu ta bi mijin wata, wannan kaɗai ya isa abin magana. Sai ga shi ta buga littafi tana ba da labarin abin da ke ranta.

Abin da ke cikin diwanin

A tsohuwar waƙar Japan, gashin mace da ya hargitse alama ce ta daren da aka kwana da masoyi, ko ta zuciyar da ta rasa sukuni. Akiko ba ita ta ƙirƙiro hoton ba. Abin da ta canza shi ne wanda ke magana da kuma yanayin da yake magana a ciki. Macen da ke cikin waƙoƙinta ba ta kuka a bayan labule. Tana duban jikinta a wurin wanka tana yaba shi. Tana alfahari da baƙin gashinta mai zubowa ta cikin haƙoran mataji tana 'yar shekara ashirin. Tana ambaton fata da leɓe da ƙirji da zafin jini, kalmomin da mawaƙan fada ba sa bari su kusanci tanka. A waƙar da ta fi kowace shahara, tana tambayar wani mai wa'azin tarbiyya ko ba ya jin kaɗaici, shi da bai taɓa taɓa lallausar fata ya ji ɗumin jinin da ke gudu a ƙarƙashinta ba. Mace ce ke zolayar malami, a ƙasar da aka gina tarbiyyar makarantu a kan koyarwar Konfushiyas.

Harshen ma ya rikita mutane. Tana datse jimla, tana tsallake mahaɗi, tana gwama kalmomin addinin Buda da hotunan da ta tsinto daga zanen Turai da Littafin Kirista, irin su zunubi da tunkiya da ta ɓata. Wasu baitocin har yau masana na jayayya a kan ma'anarsu. Masu ra'ayin riƙau suka ce batsa ce mai lalata tarbiyya. Ueda Bin, masanin adabin Turai, ya kare ta. Matasa kuwa suka rungumi littafin, Myojo ta zama matattarar sababbin mawaƙa, ciki har da Ishikawa Takuboku da Kitahara Hakushu da Takamura Kotaro. Ita kanta Akiko da girma ya zo ba ta cika son diwanin ba, ta yi ta gyara waƙoƙinsa tana zubar da wasu, amma masu karatu na farkon suka riƙe.

A ganina, kuskure ne a tsaya a kan ƙarfin halin ambaton jiki. Abin da ta kafa ya fi haka zurfi: cewa ma'aunin waƙa shi ne gaskiyar abin da mutum ɗaya yake ji a ransa, ba abin da al'ada ta ce ya kamata ya ji ba. Da wannan ma'auni ta rayu shekara arba'in, kuma shi ya jefa ta cikin rigima ta biyu.

Ƙanena, kada ka mutu

A watan Fabrairu na 1904 yaƙi ya ɓarke tsakanin Japan da Rasha. Rundunar Japan ƙarƙashin Janar Nogi ta yi wa Port Arthur, sansanin Rasha da ke gaɓar tekun arewa maso gabashin Sin, ƙawanya, tana tura sojoji kan ganuwa da bindigogi masu sarrafa kansu, dubban mutane suna zubewa. Shi kansa Nogi 'ya'yansa biyu suka mutu a yaƙin. An ɗauki ƙanen Akiko, Chuzaburo, aikin soja, alhali shi ne magajin shagon bayan rasuwar mahaifinsu a 1903, ga shi kuma sabon ango. A fitowar Myojo ta watan Satumba ta buga doguwar waƙa mai baiti biyar tana kiransa kada ya ba da ransa.

Hujjojinta duk na cikin gida ne. Ta tambaye shi ko iyayensu sun raine shi har shekara 24 ne don ya kashe mutane sannan ya mutu. Ta ce shi ɗan gidan fatake ne, ko ganuwar nan ta faɗi ko ta tsaya, ba ya cikin ƙa'idar gidansu. Ta tuna masa da uwarsu da furfura ke ƙaruwa a kanta, da amaryarsa da ke kuka a bayan labulen shago, wadda ba su cika wata goma tare ba. Baiti na uku ne ya kunno wutar. A nan ta ce Sarki da kansa ba ya fita fagen fama, kuma da yake mai zurfin tausayi ne, yaya za a yi ya ɗauki mutuwar mutane kamar dabbobi a matsayin abin alfahari? Ana iya karanta wannan a matsayin yabo, ana iya karanta shi a matsayin gatse, kuma a Japan ta wancan lokaci da tsarin mulki ya ce Sarki mai tsarki ne, ko kusantar zancen ma ganganci ne.

Wani mai sharhi, Omachi Keigetsu, ya far mata a mujallar Taiyo, daga baya har ya kira ta maciya amanar ƙasa da ta cancanci hukunci. Amsarta ta fito a watan Nuwamba a sigar buɗaɗɗiyar wasiƙa. Ba ta janye ko kalma ɗaya ba, amma kuma ba ta ce ita mai adawa da gwamnati ba ce. Ta ce ƙaunarta ga ƙasa ba ta gaza ta kowa ba. Ta ce duk wanda ya je tashar jirgin ƙasa zai ji masu rakiyar sojoji suna cewa a kula da kai, a dawo lafiya, to me ya sa abin da ake faɗa a tasha zai zama laifi idan ya shiga waƙa? Waƙar da ba ta faɗi gaskiyar zuciya ba, a wurinta, ba ta da wata daraja. Ba a gurfanar da ita ba. Port Arthur ya faɗi a farkon Janairu 1905, Chuzaburo kuma ya dawo gida da ransa.

Ya kamata a riƙe wannan amsa da kyau, domin a cikinta ne za a gane abin da ya faru bayan shekara talatin.

Alƙalami da bakuna goma sha ɗaya

Myojo ta tsaya a 1908 bayan fitowa ta 100. Salon adabi ya koma ga masu bayyana rayuwa tsirara ba ado, tauraron Tekkan ya dushe, ya zauna gida ba aikin kirki ba kuɗi. Ɗawainiya ta dawo kan Akiko. 'Ya'ya 11 ne suka rayu mata, ban da waɗanda suka koma, kuma da rubutu ta ciyar da su: tanka, sharhin jarida, tatsuniyoyin yara, alƙalancin gasar waƙa, lacca, har da rubuta waƙoƙinta a kan allunan ado tana sayarwa. Wasu daga cikin 'ya'yan mata sai da aka ba da su riƙo. Ta yi rubutu a kan naƙuda ba ɓoye-ɓoye, tana cewa macen da ke kan gwiwa ta sa ranta a kasada ba ƙasa da sojan da ake wa kirari ba. Da ta ga mijin na neman lalacewa, ita ta haɗa kuɗin da ya tafi Paris da su a ƙarshen 1911. A watan Mayu na 1912 ta bar yaran ta bi shi, ta ratsa Siberiya a jirgin ƙasa ita kaɗai. Ta zaga Faransa da Ingila da Jamus da wasu ƙasashen, ta gana da masassaƙin nan Auguste Rodin, har ta sa wa ɗan da ta haifa bayan dawowarta suna Auguste.

Kafin tafiyar, a watan Satumba na 1911, Hiratsuka Raicho ta fara buga Seito, mujallar adabi da mata ke gudanarwa. Waƙar Akiko ce a shafukan farko, inda take cewa ranar da duwatsu za su motsa ta zo, matan da ke barci sun farka. Kalmar ta yi tsawon rai. A 1989, da jam'iyyar gurguzu ta ba jam'iyya mai mulki kashi a zaɓen majalisar dattawa, shugabarta Doi Takako cewa ta yi dutse ya motsa.

Amma Akiko da Raicho ba su daɗe a layi ɗaya ba. A 1918 suka shiga muhawara a mujallu a kan ko gwamnati ta riƙa tallafa wa mata masu ciki da masu goyo. Raicho, wadda ra'ayin marubuciyar Suwidin Ellen Key ya yi tasiri a kanta, ta ce haihuwa hidima ce ga al'umma, don haka haƙƙin uwa ne ƙasa ta ɗauke mata nauyi. Akiko ta ce a'a. A wurinta, macen da ta daina dogaro da miji ta koma dogaro da hukuma ba ta 'yantu ba, ubangida kawai ta sauya. Mace ta nemi sana'a, kada ma ta yi aure ko ta haihu sai tana iya riƙe kanta, uba kuma ya shiga raino. Yamakawa Kikue ta shigo ta ce su duka biyun sun kauce, matsalar tana ga tsarin tattalin arzikin da ke biyan mata ma'aikata ladan da ba ya isa. Ina ganin Yamakawa ta fi su hango nesa. Akiko tana magana ne daga abin da ita ta iya, ta manta cewa yarinyar da ke aikin sa'o'i goma sha biyu a masaƙa ba ta da alƙalamin da jaridu ke rububinsa. Duk da haka ba wanda zai ce tana wa'azin abin da ba ta aikata ba.

A wannan shekarar ce annobar mura ta shiga gidanta ta hannun wani yaro da ya kwaso daga makaranta, ta kwantar da iyalin. Daga kan gado ta rubuta sharhi tana tuhumar hukuma da ƙin rufe makarantu da gidajen kallo da manyan shaguna tun da wuri. A 1921 kuma ita da mijinta da Nishimura Isaku suka kafa makarantar Bunka Gakuin a Tokyo, wadda ta ba fasaha da 'yancin tunani muhimmanci, ta kuma zo ta haɗa maza da mata a aji ɗaya.

Juyawar da ba a cika ambata ba

A 1928 kamfanin jirgin ƙasa na Kudancin Manchuriya, wanda shi ne ƙashin bayan mamayar Japan a arewa maso gabashin Sin, ya gayyaci Akiko da mijinta yawon buɗe ido ya biya kuɗin komai. A 1931 sojojin Japan suka mamaye Manchuriya, a 1932 aka gwabza a Shanghai. Hukuma ta yi ta kururuta labarin wasu sojoji uku da suka mutu ɗauke da nakiya a bakin shingen abokan gaba, aka sa gasar waƙa a kansu, Tekkan na cikin waɗanda suka lashe. Akiko ita ma ta buga waƙa a wannan shekarar tana jinjina wa sojan da ya sadaukar da jikinsa. A 1942, bayan an shiga yaƙi da Amurka, ta rubuta tanka ga ɗanta na huɗu, Auguste ɗin nan wanda ya zama hafsan sojan ruwa, tana ce masa ya yi yaƙi da jarumta.

Mutane da yawa suna kallon wannan a matsayin tuba ko cin amanar kai. Akwai matsin lamba, ba shakka. Tun bayan rataye Kotoku Shusui da wasu mutum 11 a Janairu 1911 bisa zargin shirya kashe Sarki, marubuta sun san inda iyaka take, kuma abin ya taɓa gidan Yosano kai tsaye, domin ɗaya daga cikin waɗanda aka rataye, likita Oishi Seinosuke, sanannen Tekkan ne kuma kawun Nishimura. A shekarun 1930 kuwa bakin kowa a ɗaure yake. Amma ban yarda tsoro ne kaɗai ba. Waƙar 1904 ba ta taɓa tambayar ko Japan na da haƙƙin yin yaƙi a ƙasar wasu ba. Ba ta ambaci sojan Rasha ba, balle Basinen da ake fafatawa a kan gonarsa. Kukan yaya ne a kan ƙanenta. Ma'aunin da ya ce a faɗi gaskiyar abin da ke zuciya yana ba mutum ƙarfin tsayawa gaban taro, amma ba ya gaya masa ko zuciyar tana kan daidai. Ranar da zuciyarta ta karkata ga tutar ƙasa, sai ta faɗi hakan da irin gaskiyar da ta faɗi na farko. Bayan 1945, Japan da ta sha kaye tana neman muryoyin da suka ƙi yaƙi, sai waƙar ƙanen ta shiga littattafan makaranta, na 1932 da 1942 kuma aka bar wa masu bincike.

Tekkan ya rasu a watan Maris na 1935. A 1940 Akiko ta samu shanyewar ɓarin jiki, ta rasu ranar 29 ga Mayu 1942 tana da shekara 63, aka binne ta a maƙabartar Tama. Ta bar diwani fiye da ashirin da dubun-dubatar tanka. Jikanta Yosano Kaoru ya riƙe muƙamin ministan kuɗi a 2009.

Aikin da ya fi cin shekarunta kuwa ba waƙa ba ne. Hikayar Genji, wadda Murasaki Shikibu ta rubuta a farkon ƙarni na 11 cikin babi 54, harshenta ya tsufa har ɗan Japan na zamani ba ya iya karanta ta sai da sharhi. Akiko ce ta fara mayar da ita cikin harshen yau da kullum, a 1912 zuwa 1913, ko da yake ta taƙaita wurare da dama. Ba ta gamsu ba, ta ci gaba da wani babban sharhi da ta soma tun 1909. Dubban shafukansa suna ajiye a Bunka Gakuin lokacin da girgizar ƙasa ta 1 ga Satumba 1923 ta afka wa Tokyo, gobara ta biyo baya ta cinye su ƙurmus. Aikin shekara goma sha huɗu ke nan. A shekarun 1930 ta sake ɗaukar littafin daga babi na farko, rasuwar mijinta ta tsayar da ita na wani lokaci, sannan ta kammala cikakkiyar fassara da aka buga a 1938 zuwa 1939. Ta yi rashin sa'ar lokaci, domin fassarar Tanizaki Jun'ichiro ta fara fitowa a 1939 daga babban kamfanin ɗab'i da talla mai yawa, ta shafe tata a kasuwa. Bayan yaƙi aka sake buga ta Akiko cikin ƙananan littattafai masu araha, kuma yanzu da haƙƙin mallakarta ya ƙare, tana nan kyauta a taskar Aozora Bunko ta intanet, inda duk mai jin Japananci zai iya karanta babi 54 ɗin a wayarsa.